Sun ce rubutuna ba gishiri, na ƙara, yanzu kuma an daina karantawa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24. A Agege ta Legas aka haife ni, a nan na tashi, Arewa sau uku na taɓa zuwa, duk biki ne ya kai ni. Ɗinki nake yi da rana, da dare in rubuta labari a waya in tura wani zauren marubuta mata. Wata shida da suka wuce wata 'yar'uwa a zauren ta ce labarina kamar rahoton 'yan sanda, ba adon harshe, wai dama me za a tsammata daga Hausar 'yan Ikko. Jikina ya yi sanyi, ranar ban ci abinci ba. Ga irin abin da nake rubutawa a lokacin: "Hadiza ta ji baƙin ciki sosai da Sani ya ce zai ƙara aure. Ta shiga ɗaki ta yi kuka." Sai na shiga tara karin magana da kwatance daga littattafan da nake karantawa, na sake wurin ya koma haka: "Hadiza mai idanu kamar madara, wuya kamar na barewa, haƙora kamar ƙanƙara, ta ji maganar ta sauka kamar aradu, domin Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Kogin soyayyarsa ya kama da wuta ya yi rassa a ƙirjinta." Yanzu masu karatuna sun ragu, aminiyata ta ce ba ta gane inda labarin ya dosa ba. Na zama kamar atamfar da aka farke ɗinkinta sau biyu, ramukan allura duk sun fito. Kakata ta wajen uba Bakatsiniya ce, gida ɗaya muke, amma kunya ba ta bar ni na nuna mata ba. Anti, in bari ne? Ko wanda bai tashi a Arewa ba ba zai taɓa iyawa ba?

Daga wata 'yar Agege

Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki bari. Na fara da wannan ne don ki karanta sauran amsar da kwanciyar hankali, domin akwai gyara a ciki, kuma ba zan ɓoye miki ko ɗaya ba.

Maganar 'yar'uwar nan kashi biyu ce, akwai gaskiya akwai cin fuska, ke kuma kin haɗa su kin haɗiye tare. Gaskiyar ita ce jimlolinki na farko sun ba mu labarin baƙin cikin Hadiza, amma ba su bar mu mun gan shi da idonmu ba. Wannan lalura ce ta duk sabon marubuci, na Kano da na Sakkwato da na Damagaram, ba ruwanta da garin da aka binne cibiyarsa. Cin fuskar kuwa shi ne zancen Hausar 'yan Ikko, kuma ya ɓata min rai ƙwarai. Hausawa ba baƙin jiya ba ne a Agege. Tun farkon ƙarni na 20 fataken goro ke sauka a nan, layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Kano a 1911 ya ƙara ɗaure zumuncin, aka yi Zango, aka yi Sarkin Hausawa, aka hayayyafa. Hausa harshen fatake ne, ya saba kwana a garin wasu ya tashi da guzuri. Agogo, ashana, akawu, gyale, agushi, duk daga bakin Yarbawa muka karɓo su, yau har cikin birnin Kano da su ake magana ba wanda ya ɗaga gira. Saboda haka ki ajiye wannan kashin a gefe, mu koma kan aikin.

Ke tela ce, za ki fi ni gane abin da zan faɗa. Idan yanka bai zauna a jikin mai riga ba, duk duwatsun da za ki manna a wuya da hannu nauyi kawai za su ƙara. Abin da ya sami sakin layinki na biyu ke nan. An ce miki ba ado, sai kika ɗauka ado kaya ne da ake arowa a yafa wa labari bayan an gama shi. Mu bi shi sannu a hankali.

Mijin mace ya ce zai yi mata kishiya, mai karatu ya ƙosa ya ga yadda za ta yi, ke kuma kin tsayar da shi kina nuna masa idonta da wuyanta da haƙoranta. Ko da kwatancen nan sababbi ne, ba nan ne muhallinsu ba. Balle kuma sun sha hannu, an yi ta yawo da su daga littafi zuwa littafi har ido ya daina ganinsu. Ina tambayarki tsakani da Allah: kin taɓa tsayawa kin kalli barewa? Akasarin masu karatunki ma ba su taɓa ba. Wanda ya fara wannan kamance ya ga barewa a daji, ya ga yadda take miƙa wuya in ta ji motsi, shi ya sa maganarsa ta yi rai. Mu da muka gaje ta, kalmar kawai ta rage a hannunmu.

Malaman adabi, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, sun tsara wa waɗannan dabaru sunaye, kuma sanin sunayen zai taimake ki ki gane abin da hannunki ke yi. Wannan da kike yi da "kamar" ko "tamkar" shi ne kamantawa. Akan kasa ta uku: a daidaita abu biyu, ko a fifita ɗaya, ko a nuna ɗaya ya gaza kai ɗaya. Aikinta ɗaya ne, ta ɗauko abin da mai karatu ya sani ta haska masa abin da bai sani ba. To me kika sani, 'yata, wanda idonki ya gani, hancinki ya shaƙa? Kin san kwandon tumatirin da ya kwana uku a mota kafin ya iso kasuwar Mile 12, na sama da kyan gani, na ƙasa ya fara tsiyaya. Ashe ba haka mace take fitowa daga gidan surukai ba wani lokaci, fuska da murmushi, ciki ya narke? Kin san kwandastan danfo da ke rataye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a iska. Namijin da ya ƙi saki ya kuma ƙi riƙo, haka yake rataye da aurensa. In fifiko kike so, ki ce jiran amsarsa ya fi layin tirelolin Apapa tsawo. In gazawa ce, ki ce alkawarinsa bai kai takardar naɗe tsire daraja ba. Ni da na rubuta waɗannan a gurguje na ɗebo su. Ke da kike ratsa Zango da Pen Cinema kullum, naki za su fi nawa kaifi.

Na san abin da zai zo miki a rai: mai karatu a Gusau ya san danfo? Da yawa sun sani, don da wuya ki sami unguwa a Arewa da ba ta da ɗa a Idi-Araba ko Obalende. Wanda bai sani ba kuma, jimlar da ke kewaye za ta nuna masa mota ce, kuma zai ji daɗin an kai shi inda bai taɓa zuwa ba. Labaran Hausa da aka gina a Kano da Kaduna da Abuja sun yi yawa. Na gidan haya a Agege, mai ɗakuna suna kallon juna, Bahaushe da Bayarabe da Ibo suna layin famfo ɗaya, ni dai ina ƙishirwarsa.

Idan aka cire "kamar" aka ce abu kaza shi ne kaza kai tsaye, an shiga siffantawa. "Kogin soyayyarsa" siffantawa ce, kuma ba laifi a cikinta. Laifin ya zo ne da kogin ya kama da wuta, sannan ya yi rassa. Hoto uku kika ɗora wa mai karatu a numfashi ɗaya, kogi da gobara da bishiya, kowane yana kashe ɗan'uwansa. Idan kin zaɓi ruwa, ki zauna a ruwa: ya cika, ya ci gaɓa, ya tafi da abin da aka ajiye a bakinsa, ya janye ya bar laka. Ke da kike ƙetare gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, kina hango gidajen Makoko a tsaye kan turaku, kin fi marubuta da yawa sanin yadda ake zaman rayuwa a kan abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai auren da haka yake.

Karin magana shi ne inda na fi son mu daɗe, don nan ne masu rubutu suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kin kawo biyu a jere, kuma babu wanda ya dace da wurin. "Ruwa ba ya tsami banza" magana ce ta zargi, ana yin ta ne idan an ga canji ana neman musabbabinsa. "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" kuwa ta ƙarshen al'amari ce, ranar da abin da aka daɗe ana gudu ya tabbata. Hadiza a wannan lokaci ba zargi take ba, ba kuma ƙarshen komai ta gani ba, duka ne ya same ta. Amma ki koma baya da babi biyu, lokacin da Sani ya fara sabon turare yana dawowa bayan sha ɗaya na dare. Ki sa gwaggon Hadiza ta zo wuni, ta bi shi da kallo yana fita, ta ce, "Hm, ruwa dai ba ya tsami banza," ta ci gaba da tsinke zogalenta. Nan karin maganar ya sami mai shi. Ya gaya mana gwaggo mai lura ce, ya jefa tsoro a zuciyar Hadiza, ya tura labarin gaba. A rayuwa ba wanda ke karin magana shi kaɗai a ɗaki. Wani ne ke faɗa wa wani, da dalili, sau da yawa don bakinsa ya yi nauyin faɗin abin ƙarara. Duk inda kika ga kin rubuta "domin Hausawa sun ce", ki tsaya ki tambayi kanki wa ya kamata ya faɗi wannan a cikin mutanen labarin. In babu, ki goge. Babi guda zai iya wucewa lafiya lau ba karin magana ko ɗaya.

Haka habaici yake, shi ma sai da baki da kunne. Mai habaici ba ya kama suna, yana jefa magana ne a tsakar gida, mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as. Zambo ya fi shi fitowa fili, yana zana kamannin mutum ko halinsa don a muzanta shi, makaɗan fada sun shahara da yi wa abokan hamayyar sarki. Gatse kuwa faɗin kishiyar abin da ake nufi ne, irin na uwa da ke ce wa ɗanta, "Ƙara matsawa kusa da wutar." Waɗannan ba a littafi za ki koye su ba. Ki saurari matan gidanku da safe a layin banɗaki, ko ranar da aka rasa wanda bai biya kuɗin shara ba. Labarin kishiyoyi da babu habaici a cikinsa bai cika ba, kuma habaicin da ya fi ciwo shi ne wanda kalmominsa ba su da laifi ko ɗaya.

Akwai kuma adon da Hausa ta zo da shi a jikinta, wanda kike taka shi kullum ba ki lura ba. Ki duba amsa-kama: tsit, cak, sharkaf, maƙil, wuf, zugum, fari fat, baƙi ƙirin. "Ta tsaya cak" ya fi layi uku na bayanin mamaki aiki. Ruwan watan Yuni ya kama mutum tsakanin tasha da gida, "ya shigo sharkaf" ya wadatar. Ki duba yadda muke sakaya zance: ta yi nauyi, ta sauka, rai ya yi halinsa, yana da dogon hannu, an ci masa fuska. Ki duba yadda muke ba abin da ba mutum ba halin mutum, abin da malamai ke kira mutuntarwa: barci ya sace ta, yunwa ta kama shi, talauci ya yi sallama. Ke kanki kin rubuto min "jikina ya yi sanyi" ba tare da kin je neman sa ba. Sannan maganar atamfar da aka farke sau biyu, ramukan allura suka fito, wallahi ita ce jimla mafi kyau a duk abin da kika aiko, ta fi madara da barewa da ƙanƙara in an haɗa su. Daga teburin ɗinkinki ta fito, a lokacin da zuciyarki ke ciwo ba ki damu da burge kowa ba. Wadda ta iya wannan jimlar ba a tambayar ko za ta iya rubutu.

Bari in taɓa alamtarwa, don ina ganin ita za ta fi yi miki amfani nan gaba. Ita ce a bar wani abu na zahiri ya ɗauki ma'ana ba tare da an yi sharhi ba. Goro ya ishe mu misali, ga shi kuma fataucinsa ya kawo Hausawa unguwarku. Da shi ake gayyata, da shi ake ɗaura aure, da shi ake raɗa suna, in an ce "albishirinki" ki ce "goro". Idan Hadiza ta buɗe aljihun rigar Sani za ta wanke, ta ci karo da ƙullin goro da alewa a leda, ba sai kin ce mana komai ba. Duk Bahaushe ya gane.

Ga yadda ni zan gwada wurin nan naki, ba don ki kwafa ba, don ki ga hanyar:

Sani ya faɗi maganar yana ɗaura agogo, bai ɗago ba. Hadiza na yanka burodi. Ta ci gaba da yankawa har ta gama da sunƙin gaba ɗaya, alhali su biyu ne a ɗakin. "Allah ya sanya alheri," ta ce. Janaretan maƙwabta ya mutu, gidan ya yi tsit. Ta ɗauki butar shayi ta zuba masa, ta zuba, har ya cika kofin ya bi faranti.

Babu "kamar" ko ɗaya a nan, babu karin magana, ban kuma ambaci baƙin ciki ba. Burodin da shayin su suka yi kukan. Addu'ar da ta yi kawaici ne irin na matanmu, baki na faɗin alheri hannu na tona asiri. Wata rana wurin zai buƙaci kamance mai zafi, ki ba shi guda ɗaya. Kambamawa ma tana da ranarta, musamman a bakin mai ba da dariya ko mai kirari, amma in kowane kuka a labarinki ya cika bokiti, ranar da babban rashi ya zo ba ki da sauran abin faɗa.

Yanzu gyaran da na ce ba zan ɓoye ba. Kafin a buga wasiƙarki na gyara wasu wurare. Kin rubuta "atamfan da aka farke" da "Hausan 'yan Ikko". Atamfa da Hausa jinsin mace ne, saboda haka atamfar, Hausar, kamar yadda za ki ce motar, kasuwar, rigar. Wannan kuskure ya yaɗu har a Arewa, amma mai neman abin faɗa a kanki nan zai fara kamawa. Sannan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ: baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Gboard yana da allon Hausa, ki saka shi a wayarki yau. Muryar mai ba da labari ki riƙe ta a daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano. Mutanen cikin labarin kuwa ki sake su su yi magana yadda suke yi. Ɗan acaban da ya zo daga Sakkwato bara ya yi Sakkwatancinsa, yarinyar da aka haifa a Agege ta jefa kalmar Yarbanci inda take jefawa, mai gidan haya ya yi gurguwar Hausarsa ta ciniki. Wannan cakuɗar ita ce sautin garinku.

Ita 'yar'uwar da ta yi maganar, kada ki mayar mata da habaici a zauren, kada kuma ki fita saboda ita. In zauren yana da masu gyara da adalci ko mutum biyu ne, ki riƙe su, ki riƙa tura musu aiki kafin ki sake shi ga kowa. Aminiyarki da ta ce ba ta gane inda labarin ya dosa ba, ki gode mata, masoyiya ce.

Sai batun Hajiya, kakarki. Wannan kunyar ki cire ta a daren nan. Kina da tsohuwa Bakatsiniya a cikin gida kina bin littattafai kina tsintar karin magana! Amma kada ki je ki ce mata, "Hajiya, ba ni karin magana goma." Za ta ba ki uku ta ce ta manta sauran, don ba a jere suke a kanta ba, sai abu ya faru suke fitowa. Ki zauna kusa da ita lokacin da take ciniki da mai kayan miya, lokacin da take yi wa jikoki faɗa, lokacin da baƙuwa ta zo gaisuwar mutuwa ko kawo ƙarar miji. Ki tanadi ɗan littafi a aljihun keken ɗinkinki. Duk maganar da ta tsaya miki a rai ki rubuta ta tare da wanda aka faɗa wa da abin da ya jawo ta, domin in kin rubuta maganar kaɗai kin bar rabinta a ƙasa. Bayan haka ki karanta mata labarinki da baki, bayan sallar isha'i. Ki lura da fuskarta. Inda ta ce "to, sai aka yi yaya?" wurin ya yi. Inda ta fara gyangyaɗi ko ta ce "wa ke magana haka?" ki sa alama.

Ki sake rubuta babin Hadiza, ki ba kanki sati huɗu, ki aiko min in gani. Ki gaishe min da Hajiya da kyau.